Hannun PlayStation 5 ya ƙi haɗuwa da na'ura, wani kuma yana yankewa a tsakiyar wasa

Tambaya:

Assalamu alaikum, Malam. Wata guda ke nan da na sayi sabuwar PlayStation 5, na kuma ƙara hannu na biyu, wato abin da ake riƙewa ana sarrafa wasa da shi, domin mu riƙa buga ƙwallo ni da ƙanena. Da farko komai lafiya lau. Daga baya ƙanen nawa ya ɗauki hannun da ya zo a cikin kwali ya haɗa shi da wayarsa ya yi wasa, kuma tun daga ranar, idan na danna maɓallin PS, wato mai tambarin PlayStation da ke tsakiyar hannun, sai ya yi ta ƙyafta shuɗiyar wuta na ɗan lokaci, sannan ya mutu. Na jona shi da igiyar cajin wayata, yana caji amma bai haɗu ba. Shi kuwa na biyun yana haɗuwa, sai dai ana tsakiyar wasa yakan yanke, ko ya riƙa jinkiri har ɗan wasa ya yi ta gudu shi kaɗai. Na'urar tana cikin kabad ɗin talabijin kusa da akwatin intanet na gida, kuma na jona mata ma'ajiyar bayanai ta waje a baya. Wani mai gyara ya ce sai an buɗe hannuwan an canja wani abu a ciki. Shin hannuwan ne jabu, ko na'urar ce ta lalace?

Mai karatu daga Kano

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Abu na farko da zan roƙe ka shi ne kada ka bari a sa sukundireba a jikin hannuwan nan tukuna, domin daga bayanin da ka yi ban ga alamar cewa wani abu ya ƙone ko ya karye ba. Matsaloli biyu ne ka haɗa a tambaya guda, kowace da sanadinta daban, kuma dukansu irin waɗanda ake magancewa a falo ne ba tare da an kashe ko sisi ba.

Bari mu fara da hannun da ƙanenka ya ara. Hannun PlayStation 5, wanda kamfanin Sony ya raɗa wa suna DualSense, ya kuma fito tare da na'urar a watan Nuwamba na 2020, yana magana da na'ura ne ta hanyar Bluetooth. Kafin su fara magana kuwa sai an gabatar da su ga juna, kowannensu ya ajiye adireshin ɗan'uwansa da wani mabuɗin sirri da suka yi tarayya a kai. A yadda aka ƙera shi tun asali, hannun na'ura ɗaya kacal yake riƙewa a ƙwaƙwalwarsa. Ranar da ƙanenka ya haɗa shi da waya, adireshin wayar ya maye gurbin na PlayStation. Shuɗiyar wutar da kake gani tana ƙyaftawa alama ce ta cewa hannun yana kiran wayar ƙanenka, idan bai ji ta amsa ba sai ya haƙura ya kashe kansa domin kada batiri ya ƙare a banza. Lafiyarsa ƙalau, uban gida kawai ya canja. A 2025 Sony ya fito da sabuntawar da ke ba hannu guda damar riƙe na'urori har huɗu, to amma wannan sai an sabunta manhajar na'urar da ta hannun, sannan an ajiye kowace na'ura a gurbinta da gangan. Wanda ya haɗa ta tsohuwar hanya, kamar yadda yawancin mutane ke yi, zai iya faɗawa cikin abin da ka faɗa.

Ka yi daidai da ka jona shi da igiya, domin hanyar mayar da shi ke nan. Inda aka samu akasi shi ne igiyar da ka ɗauka. A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, saboda suna ganin tunda hannu yana caji, ai igiyar ba ta da laifi. Igiyar USB ta gari tana ɗauke da siraran wayoyi iri biyu a cikinta, wasu na kai wuta, wasu na kai bayanai. Da yawa daga cikin igiyoyi masu araha, da waɗanda ke zuwa tare da fitilar caji ko ƙaramar fanka ko abin sauraren kunne, masu kai wuta ne kawai, an cire na bayanan domin a rage kuɗin ƙira. Da ido ba za ka bambanta su ba, bakinsu ɗaya, kaurinsu ma wani lokaci ɗaya. Irin wannan igiya za ta cika maka batiri tsaf, amma na'urar ba za ta taɓa sanin an jona mata hannu ba. Saboda haka ka nemo igiyar da ta zo a cikin kwalin na'urar. Idan ta ɓace, ka gwada wadda kake da ita ta hanyar jona waya da kwamfuta: idan kwamfutar ta nuna wayar har ana iya kwashe hotuna, igiyar tana kai bayanai, idan kuwa caji kawai wayar ta kama, ka ajiye ta ka nemi wata.

Idan ka samu igiya ta gari, ka kashe Bluetooth a wayar ƙanenka, ko ma ya goge sunan hannun daga jerin abubuwan da wayar ta sani, domin muddin wayar tana kusa kuma a kunne, za ta iya riga na'urar amsawa. Daga nan ka kunna PlayStation, ka jona hannun kai tsaye a ɗaya daga cikin ramukan USB na jikinta ba tare da wani mahaɗi a tsakani ba, ka danna maɓallin PS sau ɗaya. Idan ya haɗu, ƙyaftawar za ta tsaya, fararen ɗigon wuta da ke ƙarƙashin faifan taɓawa su kama, na'urar ta tambaye ka wane ne zai yi amfani da shi. Bayan haka kana iya zare igiyar.

Tunda kana da hannu na biyu mai aiki, akwai wata hanya da ba ta buƙatar igiya ko kaɗan. Da hannu na biyun ka shiga Settings, sai Accessories, sai General, sai Bluetooth Accessories. Idan ka ga tsohon sunan hannu na farko a jerin, ka goge shi. Sannan ka ɗauki hannun da ya ƙi haɗuwa, yana a kashe, ka danne maɓallin PS tare da ƙaramin maɓallin Create da ke gefen hagu na faifan taɓawa, ka riƙe su har wutar ta fara ƙyaftawa da sauri. Zai bayyana a allon talabijin, sai ka zaɓe shi.

In duk wannan bai yi ba, sai a sake saita hannun. A bayansa, a gefen rubutun SONY, akwai wani ɗan rami mai maɓalli a ciki. Ka kashe na'urar gaba ɗaya, ka sa ƙarfen cire layin waya ko tsinken sakace a ramin, ka danna a hankali har ka ji ɗan motsin maɓallin, ka riƙe na kimanin daƙiƙa 5. Ka lura cewa akwai ramin makirufo ma a bayan hannun, don haka idan ka zura tsinke ba ka ji alamar maɓalli ba, kada ka tura da ƙarfi. Bayan sake saitin sai ka maimaita jonawa da igiya.

Hannu na biyu shi ne ya fi buƙatar dogon bayani, kuma a ganina ɗakin ne ke da laifi, ba hannun ba. Bluetooth yana aiki ne a zangon iska na gigahaz 2.4, zangon da aka bar wa kowa ya yi amfani da shi ba tare da lasisi ba, shi ya sa ya cika maƙil kamar kasuwa ranar cinta. Wi-Fi na yawancin gidaje a nan yake, haka lasifikar Bluetooth, da linzamin kwamfuta marar igiya, har da na'urar ɗumama abinci idan tana aiki. Dabarar Bluetooth ita ce tsalle-tsalle tsakanin ƙananan tashoshi 79, sau 1,600 a cikin daƙiƙa guda, yana kauce wa waɗanda ya tarar da hayaniya a cikinsu. Dabarar tana aiki matuƙar akwai sauran tashoshi masu sarari. Amma idan akwatin intanet yana manne da na'urar wasa, ƙarfin siginarsa a wannan kusancin ya ninka na ɗan hannun da ke can kan kujera nesa ba kusa ba, sai saƙonnin hannun su riƙa ɓacewa a hanya ana sake aiko su. Wannan shi ne jinkirin da kake ji. Ɗan wasan da ke gudu shi kaɗai kuwa, na'urar ta karɓi umarnin a tafi, umarnin a tsaya ne bai iso ba.

Ma'ajiyar bayanan da ka jona a baya ita ce wadda na fi zargi, ko da yake ba kasafai mutane ke kawo ta a rai ba. Ramukan bayan na'urar masu saurin gaske ne, na zuriyar USB 3, kuma an daɗe da sanin cewa irin wannan haɗi yana fitar da hayaniyar lantarki da ke faɗawa daidai zangon gigahaz 2.4. Kamfanin Intel ya wallafa bayani a kan haka tun 2012. Idan igiyar ma'ajiyar ba ta da rufi mai kyau a ciki, sai ta zama tamkar ƙaramar eriya mai watsa ƙara a gefen kunnen na'urar. Ka haɗa wannan da kabad, musamman idan yana da ƙarfe ko madubi ko ƙofa a rufe, ka ga an taru an yi wa sigina rubdugu. A fili, Bluetooth irin wannan yakan kai kimanin mita 10, amma kowane shinge yana rage masa tafiya, har da jikin mutum, domin ruwan da ke jiki yana shanye irin wannan sigina.

Gwajin ba shi da wahala, sai dai a bi shi ɗaya bayan ɗaya, domin idan ka canja komai a lokaci guda matsalar ta tafi, ba za ka san mai laifin ba, kuma wata rana za ka mayar da shi da hannunka. Ka kashe na'urar, ka zare ma'ajiyar, ka buga wasa na rabin sa'a. Idan yankewar ta tsaya, ka canja mata igiya mai inganci, ka kuma ajiye ta nesa da jikin na'urar gwargwadon tsawon igiyar. Idan ba ta tsaya ba, ka fito da na'urar daga kabad ka ɗora ta a sarari, wanda dama ya fi mata lafiya a zafin Kano, sannan ka matsar da akwatin intanet aƙalla mita ɗaya ko biyu. Idan akwatin yana da zangon gigahaz 5, ka mayar da na'urar kansa ta wurin saitin Network, inda za ka tarar da zaɓin Wi-Fi Frequency Bands. Abin da ya fi duka shi ne ka jona intanet da igiyar LAN, wato igiyar da ke haɗa na'urar da akwatin intanet kai tsaye, ka bar wa hannuwan iskar su kaɗai.

Kada ka manta da batiri, musamman a inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa. Mutum yakan jona hannu da dare ya bar na'ura a yanayin hutu, wato Rest Mode, inda ba a kashe take gaba ɗaya ba, a ɗauke wuta bayan minti ashirin, da safe ya ɗauka ya cika. Alamar caji a yanayin hutu ita ce wuta mai ruwan lemo da ke kamawa tana lafawa a hankali, kuma sai ka tabbatar an ba ramukan USB izinin ba da wuta a saitin Power Saving. Idan ka danna maɓallin PS ana cikin wasa za ka ga yawan cajin da ya rage a ƙasan allo. Ban da haka, barin na'urar a yanayin hutu a gidan da ake yawan ɗauke wuta ba dabara ba ce, domin yankewar wuta ba zato tana iya lalata bayanan da ke cikinta. Gara a kashe ta gaba ɗaya, a yi cajin hannu da kan caja mai kyau mai ba da volt 5.

Da zarar hannuwan sun haɗu, ka sabunta manhajar na'urar, sannan ka duba sashen Controller a ƙarƙashin Accessories ka sabunta ta kowane hannu. A wannan sashe ne kuma za ka ga Communication Method, inda za ka iya umartar hannu ya riƙa aika saƙo ta igiya maimakon iska duk lokacin da yake jone. Wannan zaɓi yana da amfani wajen bincike: idan ta igiya wasa yana tafiya sumul, ta iska kuma yana yankewa, ka tabbata maɓallai da sandunan hannun lafiyarsu lau, matsalar ta sigina ce.

Game da batun jabu, gaskiya ne akwai su a kasuwa, amma wanda ya zo a kwali ya yi aiki lafiya har zuwa ranar da aka haɗa shi da waya ba shi ne abin zargi ba. Na biyun kuwa kana iya gwada shi da Astro's Playroom, wasan da ke zuwa a cikin kowace PlayStation 5, wanda aka tsara shi domin nuna abubuwan da hannun ke iyawa. A hannu na asali za ka ji maɓallan L2 da R2 suna yin tauri suna sakewa daidai da abin da ke faruwa a wasan, ka kuma ji rawar jikinsa tana bambanta tafiya a kan yashi da tafiya a kan ƙarfe. Jabu ba kasafai yake iya kwaikwayon wannan da kyau ba, kuma galibi ba ya karɓar sabuntawar manhaja.

Akwai yanayi biyu da zan yarda cewa wani abu ne ya lalace a ciki. Idan ka fito da na'urar sarari, ka zare komai daga jikinta, ka kashe akwatin intanet, amma duka hannuwan biyu ba sa riƙe haɗi sai kana zaune dab da ita, alhali sun yi aiki lafiya a PlayStation 5 ta wani abokinka, to eriyar cikin na'urarka ce abin zargi. Idan kuma hannu ɗaya ne ke yankewa a kowace na'ura aka kai shi, laifin nasa ne shi kaɗai. A kowane hali, kayan wata guda ba na teburin mai gyara ba ne. Garantin kamfani yakan kai shekara guda, kodayake cin moriyarsa ya danganta da ƙasar da aka shigo da kayan daga cikinta da kuma yarjejeniyarka da mai shago, kuma buɗe na'ura ko hannu yana iya soke shi. Ka ɗauki rasit da kwali da igiyar asali ka koma inda ka saya, ka nemi a gwada a gabanka da wani hannu da wata na'ura kafin a yi maganar canji.