Littafi a wata guda: amsar maigida ga yaronsa

Ka tare ni ina tsakiyar duba gyaran aikin mutane, wai kana so ka shiga wannan abin na rubuta littafi a wata guda, me za ka tanada kafin ranar farawa. Da na so in kore ka Shomolu, unguwar maɗaba'u a nan Legas, ka ɗauko takarda, amma ka sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ja benci.

Abin daga Amurka ya fito. Mutum 21 suka fara shi a yankin San Francisco a 1999, daga baya aka tsayar da shi a watan Nuwamba da sunan NaNoWriMo, wato watan rubuta littafin labari. Sharaɗin kalma 50,000 ne cikin kwana 30. Ƙungiyar da ke shirya shi ta rufe a 2025, amma mutane na ci gaba da yi a tsakaninsu. In ka raba, kalma 1,667 ke nan kullum, sai dai wannan lissafin wanda bai taɓa kwana a gosulon Oshodi ba ne. Kai ka cire Juma'o'i huɗu da kwana ɗaya na larura, saura 25. Kalma 2,000 a rana, babi ɗaya kullum, babi 25. Kowane babi ka tsaga shi fitowa uku, kowace kamar kalma 650 zuwa 700. Kuma kada adadin ya ruɗe ka: kwamfuta tana ƙirga "ya" da "ta" da "na" a matsayin kalma, don haka Hausa tana cika awo da wuri alhali labarin bai yi nisa ba. A ƙaramin littafi mai ɗaukar kalma 280 a shafi, za ka tashi da shafi kusan 180, wato fom goma sha ɗaya da ɗoriya in ana buga shafi 16 a fom, wato babban fallen takarda da ake naɗewa.

Yadda ake zaɓen jarumi da yadda ake buɗe labari ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda bai san wannan ba ya koma sayar da katin waya. Abu ɗaya zan ja maka kunne: kada ka rubuta kalmar farko sai ka rubuta babin ƙarshe, ko da a shafi guda ne. Wa ya mutu, wa ya auri wa, asirin wa ya tonu, a gaban wa.

Ga dalili. Akwai wani da ya taɓa shigowa shagon buga littattafan nan da rabin littafi, babi goma sha biyu, rubutu kamar zuma. Ya ce a buga wannan a matsayin littafi na ɗaya, na biyu yana kansa, sati uku ya kawo. Ya biya kuɗin bugawa a kwamfuta kawai, ya ce takarda da farantin injin bugawa da bango a yi masa lamuni, in littafi ya shiga kasuwa a cire. Shago ya ɗauka. Aka sayi takarda, aka ƙona faranti, aka buga bango mai kala huɗu, aka ɗinke, aka yanke, aka rubuta "mu haɗu a littafi na biyu" a shafin ƙarshe. Sati uku ya zama wata uku. Ranar da aka ritsa shi a Idi-Araba sai ga gaskiya: ya sa an sace yarinya a babi na tara, shi kansa bai san wa ya sace ta ba. Mutum huɗu ya jefa wa zargi, kuma kowannensu ya riga ya nuna shi a wani gari daren da abin ya faru. Don ya kuɓuta sai ya ƙirƙiro wani kawu daga Saudiyya wanda ba a taɓa ambata ba. Aka ce masa wannan ba ya ciwuwa, sai dai a gyara babi uku a littafi na ɗaya, ga shi kuwa an riga an buga. Daga nan ya daina ɗaga waya. Ashe ya kwashe labarin ya kai zaurukan WhatsApp yana sayarwa shafi-shafi, da kawun nasa da komai. Masu sayar da littafi a Agege suka ce ba mai sayen na ɗaya in babu na biyu, suka dawo da kaya. Katan-katan suka zauna a ɗakin baya damina biyu, raɓar Legas ta kumbura su, ƙusar ɗinkin ta yi tsatsa ta ɓata tsakiyar kowane littafi. A ƙarshe masu ƙosai da masu tsire suka saya a kilo. Har yau in na ga tsire a cikin shafin nan na 47 sai raina ya ɓaci. Kuma ba rashin baiwa ya kashe shi ba, ya fi ka iya jera magana nesa ba kusa ba.

To, kafin ɗaya ga wata, ka tsince ragowar kwalin da injin yanka ke zubarwa, ka yanka guda 75 daidai tafin hannu. Kowane kati fitowa ɗaya: wa ke ciki, a ina, me yake so, me ya canja kafin a tashi. Katin da ka rasa abin rubutawa a layin ƙarshe, yaga shi, hira ce kawai. Ka shimfiɗa su a ƙasa ka duba daga na 30 zuwa na 50, nan ne labari ke zama ya yi ta shan shayi. In babu wani babban abu da ya fashe a wurin, sati na biyu za ka tsaya.

Sai littafin rubutu mai warƙa 40 na sunaye. Suna, laƙabi, shekaru, dangantaka, da yadda kowa ke kiran kowa. Uwar da ke alkunyar ɗan fari a babi na biyu kada ta zo tana ƙwala masa kira da sunansa a babi na ashirin. A bayan littafin ka zana watannin labarin: yaushe azumi, yaushe damina, yaushe aka yi saki, yaushe idda ta cika. An sha kawo mana littafin da mace ta yi wata goma sha huɗu da ciki saboda marubuci ya manta. In labarin a Legas yake, ka yanke tun yanzu yadda direban danfo Bayarabe zai yi magana, kada yau ya yi Hausar Kano gobe ya yi buroka.

Ku yaran yanzu da rubuta "q" a madadin ƙ, ko ku bar ta ba lanƙwasa. Ka sa allon rubutu mai ƙ da ɗ da ɓ a wayarka tun kafin a fara. Gyaran daga baya azaba ne, don na'ura ba ta san inda kake nufin ƙasa da inda kake nufin kasa ba, sai an bi ɗaya bayan ɗaya.

Kowane dare ka tura wa kanka aikin ranar ta imel, da kwanan wata a sunan fayil. Waya ana fizge ta, tana faɗawa kwata, mai gyara yana goge ta. Ka yi cajin ta da rana a shago tunda janareto na aiki. Kada ka saki babi ko ɗaya a zaure kafin ka gama, don masu karatu za su fara ba ka umarnin wanda za a aura. Kada ka koma gyara. Inda ka manta suna ko gari ka sa XX ka wuce, Disamba na nan. Kuma ka riƙa tsayawa a tsakiyar fitowa, inda ka san abin da ke biye, don gobe da asuba ka ɗora ba tare da ka zauna kana kallon bango ba.

Ranar Asabar ka kawo mini shafin ƙarshen nan in gani. Yanzu tashi ka tafi Shomolu kafin hanya ta cushe, kuma ka ƙirga rim ɗin takardar a gaban masu sayarwa.