Tumatir Ya Yi Ganye Amma Ba 'Ya'ya

Malam, ka ce tumatirinka sai ganye yake ba 'ya'ya, ko ka sassare shi? A'a, kar ka sa masa wuƙa tukuna. Duba tsakanin kara da reshe, akwai ɗan tsiron da ke leƙowa, shi zaka tsinke da farce tun bai kai tsawon yatsa ba, da safe, sannan ka cire ganyen ƙasa masu taɓa laka don nan cuta ke hawowa. In irin Roma ne ko UTC ma kar ka matsa masa, ganyen nan ke kare 'ya'yan daga ƙunar rana. Ni dai takin yuriya nake zargi, in yayi yawa haka yake yi wallahi. Rage shi, ka kafa sanda ka ɗaure karan sako-sako da tsumma.