Murya Na Gabas, Kiɗa Na Yamma: In Sayi Manhaja Ko In Haƙura?

Wani matashi mai shagon tura waƙoƙi a Kano, wanda kuma yake DJ a bukukuwa, ya aiko da tambaya. Ya ce ya fara karɓar aikin rimis, yana ɗauko muryar mawaƙi ya ɗora ta a kan sabon kiɗa. Sau biyu ke nan ana dawo masa da aiki, har ƙanwar wata amarya ta ce "kamar mai waƙar yana faɗa da kiɗan." An ce masa ya sayi Mixed In Key, wata manhaja mai gano sautin da aka gina waƙa a kai. Ya tara ɗan kuɗi, yana tambaya ko ya zuba su a can.

Ƙanena, kada ka saya tukuna. Abin da ƙanwar amarya ta ji shi ne saɓanin kii, wato sautin da muryar ta ginu a kai daban da na kiɗan, kuma abin da za ka gano shi da shi yana nan kyauta. Manhajojin DJ irin su VirtualDJ da rekordbox suna karanta kii ɗin waƙa da kansu, Mixxx da KeyFinder kuwa ko sisi ba a biya. Mixed In Key manhaja ce mai kyau, amma da dala ake sayenta, kai kuma naira kake karɓa.

Abin da za ka koya bai kai wahalar lissafin bashin shago ba. Akwai wata da'ira da ake kira Camelot, mai lamba 1 zuwa 12 kamar agogo, kowace lamba da harafin A na maino da B na mejo, wato manyan nau'o'in kii guda biyu. In muryar tana 8A, za ta zauna lafiya da kiɗan 8A, ko 7A, ko 9A, ko 8B. Wato maƙwabcin dama, maƙwabcin hagu, da wanda suke ɗaki ɗaya. Ka rubuta wannan a kwali ka manna a bango.

Ina zargin ba nan ka faɗi ba ma. Yawancin masu farawa suna ƙara wa murya gudu don ta kamo kiɗa, ba su san cewa sautin ma yana hawa ba. Ƙarin gudu na kusan kashi 6 cikin 100 yana ɗaga sauti da taki ɗaya cur daga cikin takun 12 na fiyano, sai muryar da take 8A ta koma 3A, nesa da gidan da ka tanadar mata. Akwai maɓallin da ke kulle kii yayin canza gudu. Duba ko a kunne yake kafin ka zargi kowa.

Sai kuma abin da mai tallan manhaja ba zai faɗa maka ba. An gina waɗannan na'urori ne a kan sautin fiyano, inda kowane sauti yake da tsayayyen ma'auni. Goge da gurmi da kuntigi ba su san wannan doka ba. Mai goge yana ɗaure tsirkiyarsa daidai da maƙogwaronsa ne a ranar. Kalangu kuma sautinsa tafiya yake yi a ƙarƙashin hammata. In ka ba manhaja tsohuwar waƙar gargajiya, ko zallar murya babu kiɗa, canka kawai take yi. A nan sai kunne. Saka muryar, ka saurari sautin da mawaƙin yake sauka a kansa a ƙarshen kowane baiti, ka riƙa maimaita shi a baki, ka lalubo shi a fiyano. Wani lokaci za ka tarar yana tsakanin maɓallai biyu, to sai ka ɗan karkata kiɗan naka zuwa gare shi. Kiɗa ake lanƙwasawa, ba murya ba. Da zarar ka ja murya fiye da taki biyu, dattijo zai fara komawa ɗan yaye.

Don haka da ni ne kai, kuɗin nan ƙaramin fiyano mai haɗuwa da kwamfuta zan saya, ko na hannu ne, da hedifon na kirki. Su za ka iya sayarwa gobe in kasuwa ta juya.

Farashinka ma ya kamata ya rabu biyu. Aikin da kii ya zo daidai, minti talatin ne. Wanda sai ka sake buga kiɗa don ya bi murya, yini ne guda, kuma ba kuɗinsu ɗaya ba. Saurari waƙar kafin ka yanke kuɗi, ka karɓi rabi a gaba, sannan ka tura ɗan guntu ta WhatsApp a amince kafin ka ƙarasa.

Ranar da ka ga waƙoƙin da kake tantancewa sun kai ɗaruruwa a mako, har lokacinka ya fi kuɗin manhajar tsada, sai ka dawo mu sake lissafi. Kafin nan, in za ka ɗora rimis a YouTube ko Audiomack, nemi izinin mai waƙar a rubuce. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana bayansa, YouTube kuma na iya juya masa kuɗin tallan bidiyon gaba ɗaya.