Kafin ka zuba jari a sana'ar juye faifan garmaho

Wani mai shagon tura waƙoƙi a waya a kusa da Terminus, Jos, ya aiko da tambaya. Ya ce dattawa sun fara kawo masa tsofaffin fayafayan garmaho, har da na marigayi Ɗan Maraya Jos, suna so a juye musu a waya. Yana tunanin sayen sabuwar kwamfuta da ƙaramin injin nan mai araha da ake rufewa kamar akwati. Da me zai fara?

Malam, Allah ya yi wa nema albarka. Ajiye maganar sabuwar kwamfuta, wadda kake aiki da ita ta wadatar, kuma manhajar Audacity da za ka ɗauki sautin da ita kyauta ce. Kuɗinka ya tafi wajen allura da injin da ke riƙe ta.

Wannan mai kama da akwati ban yarda da shi ba sam. Allurarsa na danne faifai da nauyi, kuma ba ta saituwa. Ka tuna kayan mutane ne, wani ma gadon mahaifinsa ne, in ka kankare masa babu shagon da za ka je ka sayo wani. Nemi injin da ke da ma'aunin nauyi a bayan hannun allura. Audio-Technica AT-LP120XUSB misali ne mai kyau: yana juya faifai a gudun 33 da 45 da 78 (wato yawan zagaye a minti), yana shiga kwamfuta ta USB, kuma akwai fono a cikinsa. Aikin fono shi ne ɗaga sautin allura, wanda ƙanƙani ne, ya kuma dawo da kaurin sautin da aka rage tun lokacin yanka faifan bisa ƙa'idar RIAA, ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka. In babu shi, sai ka ji kiɗan siriri ba armashi. Idan tsohon inji ka samu marar USB, Behringer UFO202 zai haɗa shi da kwamfuta.

A gwanjo kuwa sai ka buɗe ido. Wutar Amurka bolt 120 ce a kan hatiz 60 (ma'aunin saurin bugun wuta), tamu 230 a kan 50. Taransifoma za ta rage ƙarfin wutar, amma tsohon injin da na'urar juya faifansa ke bin bugun wuta zai riƙa jan ƙafa, muryar mawaƙi ta yi nauyi. Wanda ya fito daga Ingila ya fi dacewa da mu.

Faifan 78, mai nauyin nan mai saurin fashewa, allurarsa daban ce domin layukansa sun fi faɗi, kuma sinadarin sifirit yana narkar da shi, kada ya kusance shi. Ƙura, irin ta hunturun Jos, tana cikin abubuwan da ke jawo ƙaras-ƙaras ɗin da ake ji, don haka ka goge kowane faifai da tataccen ruwa da burushi mai laushi, ya bushe sarai kafin ya hau inji. Ka yi aikin da inbata, saboda in wuta ta ɗauke a tsakiyar waƙa sai an koma farko.

A wajen sa farashi ne nake jin tsoron ka cuci kanka. Wannan ba irin turin da ka saba ba ne na minti biyu. Babban faifai yana cin kusan minti 20 kowane gefe, ga wanki, ga yanka waƙoƙi ɗaya-ɗaya da sa musu suna. Faifai guda zai cinye maka fiye da awa ɗaya. Lissafa abin da shagonka ke kawowa a awa, ka ɗora kuɗin wuta da na canjin allura, sannan ka yanke kuɗin faifai. Duba kowanne a gaban mai shi, ku rubuta inda ya karce. Ka ajiye masa asalin a WAV, tsarin ajiye sauti ba tare da an matse shi ba, wanda ke cin kusan megabait 10 a minti, ka tura masa MP3 a waya.

Aikin hannunka kake sayarwa, waƙar tana da masu ita. Kada ka zuba abin da ka juye cikin waƙoƙin da kake tura wa jama'a, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 tana nan. In kana son sayarwa, sai da yarjejeniya a rubuce da masu haƙƙi ko magadansu.

Kafin ka fitar da ko sisi, buɗe littafi ka rubuta masu tambaya da adadin fayafayan kowa. In kuɗin aikinsu zai mayar maka da rabin kuɗin injin, je ka saya.