Abin da ya sa ba za mu sa wa ginin nan siminti ba

Jiya muna kan tsani ka tambaye ni, ka ce: "Maigida, tunda an daina busar da komai a ginin nan, mutane ne ke kwana a ciki, me zai hana mu cike tsagar bangon da siminti, mu sauke hular katakon nan ta saman rufin da ta ruɓe mu sa ta roba?" Na ce ka bari sai mun sauko. To, ɗana, ga amsarka.

Fara da sanin abin da kake taɓawa. Mutanen Kent suna kiran irin wannan gini ost, kuma a nan kudu maso gabashin Ingila, tsakanin Kent da Sussex, suka fi yawa. An gina su ne don busar da furen wani tsiro mai yaɗo da ake kira hof, wanda masu yin giya ke sawa don ɗaci da ƙamshi. Daga Flanders, a yankin Beljiyam ta yau, nomansa ya shigo ƙasar nan a ƙarni na 16. A watan Satumba ake tsinkarsa, kuma a da talakawan gabashin Landan ne ke kwararowa da iyalansu su yi aikin. Ɗanyen furen kusan kashi 80 cikin 100 ruwa ne, in ba a busar da shi nan take ba ya lalace.

Ranar da na fara ganin ost na ce wannan ai rumbu ne aka sa wa hula. Ashe murhu ne da bututunsa. A ƙasa ake hura gawayi, a ɗan zuba farar wuta. Saman wutar akwai daɓen sandunan katako masu tazara, an shimfiɗa musu tsumman gashin doki, a kansa ake baza furen. Zafi ya ratso ta ƙasa, ya kwashi damshi, rufin nan mai tsini ya matse shi ya tura sama. Ita kuma hular tana zaune ne a kan sanda tana juyawa. Wancan dogon katakon da ya fito daga jikinta shi iska ke turawa, kullum sai ta ba iska baya, bakinta na jan tururi waje, ruwan sama kuma bai samu shiga ba. In furen ya bushe sai a kwashe shi zuwa ɗakin da ke manne da murhun ya huce, a danna shi cikin dogayen buhuna masu ɗauke da sunan manomi. Masu zagaye irin namu sun yaɗu ne a ƙarni na 19, don an ɗauka zafi ya fi bazuwa daidai a cikinsu. Daga baya aka koma gina masu kusurwa huɗu, da aka ga sun fi sauƙin gini kuma aikin ɗaya ne. In ka samu hutu ka je Beltring, kusa da Paddock Wood, ka ga jerinsu.

Yanzu maganar siminti. Ɗauki ƙusa ka kankari tsakanin bulo biyu a bangon nan: za ka ga kwaɓin yana marmashewa fari-fari. Farar ƙasa ce da yashi, kuma da gangan aka yi shi ya fi bulon laushi. In bango ya sha ruwa, ta kwaɓin yake fitar da shi. In ginin ya ɗan motsa, kwaɓin ne ke tsagewa, bulo ya tsira. Siminti ya fi wannan tsohon jan bulon ƙarfi, kuma yana tare ruwa. Sai damshin ya maƙale cikin bulo, sanyin hunturu ya daskarar da shi, fuskar bulon ta ɓantale. Je ka dubi ɓangaren arewa, daidai ƙugunka, inda wani ya riga mu da siminti: layin kwaɓinsa na tsaye cak kamar haƙora, bulon ya lotsa har yatsana biyu na shiga. Gyaran gangar auzinawa ke nan, kuma mako guda zai ci mana kafin mu cire shi da kurfi a hankali.

Ko da ma na yarda da kai, doka ba ta yarda ba. Ginin nan yana cikin rajistar gine-ginen tarihi da hukumar Historic England ke riƙe da ita, a daraja ta biyu, inda fiye da kashi 90 cikin 100 na gine-ginen rajistar suke. Dokar 1990 ta ce duk aikin da zai sauya kamannin irin wannan gini, ciki ko waje, sai an nemi izini daga ƙaramar hukuma. Yin sa babu izini laifi ne da kan kai ga tara ko ɗauri har na shekara biyu, kuma ba mai gida kaɗai ake kamawa ba, har da wanda ya riƙe guduma. Ni ban zo ƙasar mutane in tsufa a kurkuku saboda hula ba.

Hular roba akwai ta, ana sa ta a wasu wuraren, kuma ba ta ruɓewa. Amma a nan sharaɗin da aka ba mu shi ne abin da aka cire a mayar da irinsa. Za a sauke ta, kafinta ya canza allunan da suka ci, a shafa mata farin fenti, a sa wa mazauninta man giris ta ci gaba da juyawa.

Gobe kai za ka ware tayil ɗin rufin. Kowanne yana da huda biyu ta turakun da ake rataye shi, amma lura, ba duka ne kai ɗaya ba: wasu an ƙuntata samansu don su bi zagayen tsinin. Ajiye su daban da masu kusurwa huɗu. Ka ƙwanƙwasa kowanne da cokalin gini, wanda ya yi ƙara tas ka adana, wanda ya yi dum ka kawo min in gani. In kuma ka ci karo da jemage a ƙarƙashi, ajiye kayan aiki ka kira ni, su ma doka ta hana a taɓa su.