Tambaya da Amsa: Yadda Ƙungiyoyin da Ba a Fita Suke Jan 'Ya'yanmu

Wasiƙun wannan makon duk a kan abu ɗaya suka zo. Mun miƙa su ga wasu bayin Allah da suka taɓa zama cikin irin ƙungiyoyin addinin nan masu sauƙin shiga da wuyar fita, tare da wani malamin fiƙihu. Sun nemi a sakaya sunayensu, mu ma mun sakaya na masu tambaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 22 ya tafi cin rani Kano bayan girbi, yana dako a kasuwar Dawanau. Da damina ta faɗi ya dawo a canje. Ba ya bin limamin garinmu salla, ba ya cin yankan mahaifinsa, kullum yana ƙuryar ɗaki da waya a kunne. Ya ce wasu 'yan'uwa sun ba shi jarin naira 150,000. Da mun yi magana sai ya ce ba za mu gane ba. Karatu ya samu, ko ɗauke mana shi ake yi? (Wata uwa daga karkarar Ringim)

AMSA: Wa alaikumus salam. Inna, Allah ya sanyaya miki. Yaro ya ƙara riƙo da addini, ko ya bi fahimtar da ba ta gidansu ba, wannan bai kai a tashi hankali ba. Garuruwanmu cike suke da gidajen da uba ɗan ɗariƙa ne, ɗa ɗan Izala, kuma a akushi ɗaya suke sa hannu. Abin da ya tsaya mana a wasiƙarki shi ne jarin nan, da ƙin yankan mahaifinsa, da kalmar "ba za ku gane ba". Ukun nan ba haka kawai suke haɗuwa ba.

Mai jawo mutane da zaɓe yake farawa, wa'azi sai can gaba. Wurarensa sanannu ne: tasha, teburin mai shayi bayan isha'i, rumfar cajin waya, shagon da 'yan ci-rani suke kwana su goma sha. Yana neman baƙo a gari wanda bai daɗe da rasa wani abu ba. Wanda mahaifinsa ya rasu, wanda lefe ya raba shi da yarinyar da yake so, wanda ambaliya ta cinye masa shinkafa, wanda gonar gado ta haɗa shi da baffanninsa. Kuma kada ki ɗauka sakarai yake nema. Ya fi son yaro mai ƙwazo, mai tsoron Allah, wanda zalunci yake ƙona wa rai, domin shi ne gobe zai jawo wasu biyar.

Makonnin farko kyautatawa ce zalla. A biya masa shayi da burodi, a ba shi tabarma, in zazzaɓi ya kama shi a sayo magani a zauna a kansa. Yaron da ya wuni ana ce masa "kai, mai dako" sai ga mutane suna miƙe masa suna cewa "ɗan'uwa". Daga nan a gayyace shi karatu a fili, na littattafan da kowa ya sani, irin su Ahalari da Arba'una Hadisi, yadda ko kawunsa ya leƙa ba zai ga abin zargi ba. In an ga ya kama, sai a ce ya wuce wannan ajin, akwai zama na mutum biyar ko shida da dare. A nan ake sa masa wa'azi a memori, a sa shi cikin wani rukunin WhatsApp ko Telegram, a ja masa kunne cewa ba kowa ake gaya wa ba, don ba kowace zuciya ce za ta ɗauka ba. Daga ɗakin nan kalmar da yake faɗa muku ta fito.

Jarin shi ne ƙullin. Ki tambaye shi, da wuya a ce an rubuta takarda, ko an kira shaidu, ko an yanka ranar biya. Da gangan ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a sa shaidu, amma masu cewa sun fi kowa bin Littafi sai su tsallake ta, domin bashin da ba shi da rana ba a gama biyansa. Ranar da yaro ya fara ja da baya sai a aiko a karɓa gaba ɗaya, a lokacin da aka san kuɗin suna cikin kaya. A 2016 ƙungiyar agaji ta Mercy Corps ta fitar da rahoton hirarta da matasan da suka bar Boko Haram, kuma rancen jari yana cikin hanyoyin da suka ce an kama su da shi.

Sai yankan zumunci, shi ma daki-daki. Liman tukuna, sannan yankan gida, sannan suna da biki da jana'izar wanda "ba namu ba", sannan iyaye. Kowane mataki ana sa yaro ya faɗi maganar da za ta sa ya ji kunyar dawowa. Wanda ya tsaya a ƙofar masallaci ya kafirta limamin da ya raɗa masa suna, da wane ido zai koma sahu? Bayan wannan aure ne, da rantsuwa, da kiran "hijira".

Dattawan Kano sun ga wannan da idonsu. Muhammadu Marwa, Maitatsine, da gardawa da samarin ƙauye 'yan ci-rani ya cika 'Yan Awaki, ana tare su a tasha a ba su abinci da makwanci. Rikicin Disamba 1980 ya ci rayuka sama da 4,000, ya kuma sake tashi a Bulumkutu a 1982, Jimeta a 1984, Gombe a 1985. Ba muna cewa kowace irin wannan ƙungiya makami take ɗauka ba. Da yawa lokacin mutum da guminsa da iyalinsa kawai suke cinyewa, amma hanyar jan ɗaya ce.

Ɗanki bai kai ƙarshe ba tunda ya dawo gida da damina. Ki roƙi mahaifinsa kada ya kore shi, kada ya fasa wayar, kada kuma a tara masa malamai a zaure don a kayar da shi a muhawara. Tun tuni an gaya masa cewa haka za ku yi, to duk wanda kuka yi gaskata su kuka yi. Ki ci gaba da zuba masa tuwo, in nama ne matsala a yi masa miyar kuka ba nama, ba tare da gori ba. A ɗora masa aikin da za a dogara da shi a kai, kamar sayen taki ko kai awaki kasuwar Maigatari ranar Alhamis, don ya ji gidan yana bukatarsa. A samu mutum ɗaya da yake jin nauyinsa, kawu ko kaka, ya riƙa tambayarsa a natse, tambaya ɗaya a zama: Malaminku a wurin wa ya yi karatu? Wa ya taɓa yi masa gyara ya karɓa? Waɗanda suka bar ku, me ake kiransu, kana gaisawa da su? Kada a matsa masa ya amsa, tambayar za ta bi shi har shimfiɗa. Kuɗin nan kuwa dangi su fara harhaɗa su tun yanzu.

TAMBAYA: Ni ina ciki shekara biyu, kuma ina son fita. Amma na dafa Alƙur'ani na rantse ba zan saɓa wa amir ba, an ce in na karya zan haukace ko in mutu kafiri. Akwai kuma kuɗin babur ɗin da suka saya mini. (Wani matashi daga ƙasar Sumaila)

AMSA: Ɗan'uwa, Allah ya ƙarfafe ka. Rantsuwa tana da mafita a shari'a, kuma sun san da haka. Hadisi ingantacce ya ce wanda ya rantse a kan abu sannan ya ga waninsa ya fi alheri, ya aikata wanda ya fi alherin ya yi kaffara. Kaffarar tana aya ta 89 a suratul Ma'ida: ciyar da miskinai goma, a Malikiyya mudun Annabi ɗaya ga kowanne, ko tufatar da su, wanda bai samu ba ya yi azumin kwana uku. Babu hauka a ciki, babu kafirci. Rantsuwar bin mutum a kan yanke iyaye kuwa dama ba a cika ta, domin aya ta 15 a suratu Luƙman ta ce a zauna da iyaye da kyautatawa ko da shirka suke kiran ɗansu gare ta.

Kada ka sanar da su za ka fita, kada kuma ka je yin bankwana. Nan mutane suke faɗuwa: a zaunar da kai har asuba, wannan ya yi kuka, wancan ya jawo aya, ka wayi gari ka sabunta rantsuwa. Ka fara gaya wa babba ɗaya a danginku. Ku rubuta nawa aka sayi babur ɗin, nawa ka riga ka zuba. In za ku iya cike ragowar, to, in ba haka ba a mayar da babur ɗin, asararsa ta fi sauƙi. A biya da rana a ƙofar mai unguwa ko dagaci, da shaidu biyu, a rubuta kowa ya sa hannu, kai kuma ba dole ka halarta ba. Kafin ka fita daga rukunin wayar ka adana duk saƙon barazana, sannan ka canza layi. In ka taɓa ganin makami ko an yi maka barazanar kisa, maganar ta wuce ta dangi, dagaci ya raka ku wurin 'yan sanda a ranar.

Ka kuma sa ran watannin farko za su yi ɗaci. Za ka ji kewa, za ka farka da dare kana tunanin ko su ne a kan gaskiya. Duk wanda ya fito ya ɗanɗana wannan. Ka riƙe jam'i a masallacin gari, ka nemi aikin da zai gajiyar da jikinka.

TAMBAYA: Wani saurayi mai kamun kai ya fito neman 'yata. Ya ce ba lefe, sadaki kaɗan, a ɗaura cikin mako biyu. Amma bai turo iyayensa ba, ya ce amir ɗinsu ne waliyyinsa, kuma in na ƙi, amir zai iya ɗaura mata da kansa. (Wani uba daga Kafin Hausa)

AMSA: Baba, sauƙin sadaki abin so ne, gaggawar da ɓoye dangi su ne abin dubawa. Aure shi ne igiya mafi ƙarfi a hannunsu: mijin ba zai fita ba don kada a raba shi da matarsa, matar ba za ta fita ba don kada a riƙe 'ya'yanta. A Malikiyya, wadda kotunanmu suke hukunci da ita, kai ne waliyyin 'yarka budurwa, kuma wani ba shi da ikon tsallake ka ya ɗaura mata aure. Ka ce sai manyansa sun zo, ka tura mutum biyu garinsu su ji ta bakin limami da mai unguwa, ka ba da wata uku. Ka sa sharaɗi a gaban shaidu cewa ba za a ɗauke ta daga gari ba sai da saninka. Mahaifiyarta kuma ta zauna da ita, domin tunda har ya iya faɗa maka haka, ta yiwu an daɗe ana yi mata karatu ta waya ko ta bakin wata ƙawa.

TAMBAYA: Wasu baƙi suna son sayen fili a bayan gari su gina masallaci da makaranta, sun yi alkawarin rijiyar burtsatse. Ta yaya zan gane? (Wani dagaci daga ƙasar Tudun Wada)

AMSA: Ranka ya daɗe, kada a sa hannu a takardar fili sai hakimi da ƙaramar hukuma sun sani. A tambaye su garin da suka baro da dalilin barinsa, a aika can a ji. A gayyace su sallar Juma'a bayan limaminku mako uku a jere, a kai musu naman suna a ga ko za su ci. A ce malaman gari za su riƙa shiga makarantar ba sanarwa. Masu gaskiya ba sa ƙin ko ɗaya daga cikin waɗannan. A lura kuma da inda suka zaɓa: me ya sa bayan gari, alhali akwai fili kusa da mutane, ga dajin Falgore a maƙwabtanku? Jama'ar Darul Islam da suka ware kansu kusa da Mokwa a jihar Neja sun kai dubbai kafin hukuma ta watsa su a watan Agusta 2009, aka mayar da mutane jihohinsu. Muna kuma roƙon ka sa ido a kan cinikin gona a ƙasarka. Duk saurayin da ya zo sayar da rabonsa na gado da gaggawa, a kan farashin da bai kai ba, ya kuma kasa faɗin inda za shi, ka dakatar da cinikin ka kira baffanninsa kafin ka buga hatimi.