Tambaya da Amsa: Zaɓen Kafasito ga Inbata Mai Matakai Uku

Tambaya: Malam, ni mai gyaran famfunan sola ne na noman rani a wani ƙauye kusa da Haɗeja. Kafasitocin (wato na'urorin da ke ajiye wuta na ɗan lokaci) wata inbata, na'urar da ke juya wutar sola zuwa wadda injin famfo ke amfani da ita, mai matakan bolt uku, sun kumbura. Yaya zan zaɓi madadinsu?

Amsa: Malam, Allah ya yi wa sana'a albarka. Irin wannan inbata tana da kafasito kashi biyu a jere, kowane kashi yana ɗauke da rabin ƙarfin wutar. Idan layin yana da bolt 800, kowanne zai ɗauki 400, saboda haka ka nemi mai jure 450 ko 500, domin mahaɗar tsakiyarsu ba ta tsayawa cak, tana hawa da sauka sau 150 a daƙiƙa idan injin yana aiki a kan 50Hz, wato wutar da ke juyawa sau 50 a daƙiƙa. Ka tuna cewa jera guda biyu masu girma ɗaya yana rage ƙarfin ajiyarsu zuwa rabin na guda ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne zafin watan Afrilu, domin duk ƙarin digiri 10 yana raba rayuwar kafasito mai ruwan sinadari a ciki (electrolytic) gida biyu. Idan aljihu zai ɗauka, na fi son kafasito na leda (film), wanda ya fi jure kai-komon wuta. Ka sauya duka ɓangarorin biyu tare, kuma ka auna ka tabbatar wutar cikinsu ta zube kafin ka sa hannu.